Ƙafafun Keken Tsere Don Doguwar Gasar Tirayatulon: Wane Zurfin Rim Ya Kamata Ka Saya?

A cikakkiyar gasar Ironman, wato doguwar tirayatulon da ke haɗa iyo da tseren keke da gudu, bayan iyon kilomita 3.8, mutum zai hau keke ya ci kilomita 180, sannan ya sauka ya yi gudun kilomita 42.2. Yawancin masu shiga sukan shafe awa biyar zuwa bakwai a kan keken. Doka ta hana fakewa a bayan wani don ya kare maka iska, saboda haka kai da iska ne tun daga farko har ƙarshe. Shi ya sa ake kashe kuɗi masu yawa a kan ƙafafun kabon (wani abu marar nauyi mai ƙarfi) masu zurfin rim, wato kaurin rim daga bakin taya zuwa wajen tsakiyar ƙafa, domin suna yanka iska fiye da ƙafafun alminiyam da keke ke zuwa da su.

Rim mai zurfin milimita 40 zuwa 50 ba shi da nauyi, yana da daɗin hawan tudu, iskar gefe kuma ba ta cika wasa da shi ba. Sai dai a shimfiɗaɗɗiyar hanya ana barinsa a baya. Na milimita 80 zuwa 90, irin samfurin 808 na kamfanin Zipp, shi ne gwanin miƙaƙƙen titi, amma yana da sharaɗi. Idan iska ta bugo daga gefe, ko babbar mota ta wuce ta kusa, ƙafar gaba ce ke fizgar kan keken. Mutum sai ya tsorata, ya tashi daga kwanciyar da ya yi a kan sandunan gaba, ya riƙe kai da hannu biyu. Da zarar ƙirjinsa ya buɗe wa iska, duk abin da rim ɗin ya samar masa ya tafi, har da ƙari, domin jikin mahayi ne ke tare mafi yawan iskar, ba keken ba. Ga kuma gajiyar kafaɗa da wuya da zai ɗauka ya shiga gudu da ita. Wannan ne abin da masu saye suka fi mantawa, kuma yana damuna, don kuɗin ba kaɗan ba ne.

Idan ƙafa biyu kawai za ka saya, su yi maka atisaye su yi maka gasa, a ganina ka tsaya wajen milimita 60 a gaba, kamar Zipp 404 mai 58 ko DT Swiss ARC mai 62. A baya kana iya sa irinta, ko ka ƙara zuwa 80, tunda nauyinka a kanta yake kuma ba ita ke juya keken ba. Mai ƙaramin jiki, wanda iska ke saurin ɗagawa, gara ya sauko zuwa 50 a gaba.

Rufaffiyar ƙafar baya mai kama da faifai ta fi kowace gudu a mafi yawan hanyoyi, amma ba ta shiga ko'ina. A gasar duniya ta Kona da ke Hawai an hana amfani da ita saboda ƙarfin iskar gefe. Akwai marfin roba da ake ɗaura wa ƙafar baya ta koma kamar faifan, a cire shi bayan gasa, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa ba.

Faɗin rim ma abin dubawa ne. Na yanzu sukan kai milimita 21 zuwa 25 daga ciki, ana sa musu taya mai 25 ko 28. Kada tayar ta fi faɗin rim ɗin na waje ta yi tumbi, don iska ba za ta bi ta kansu sumul ba. Taya tubles, wadda ake zuba wa ruwan like ƙananan huji, tana rage faci a tsakiyar gasa, amma ka koyi sa mata tif da hannunka tun a gida. Idan rim ɗin marar ƙugiya ne a bakinsa, wato ba shi da lanƙwasar da ke riƙe gefen taya, iskar da za ka ba shi kada ta wuce bar 5 a ma'aunin famfo, wato psi 72.5, kuma sai tayoyin da kamfanin ya amince da su.

Kafin ka biya, ka tabbatar ƙafar ta dace da birkin kekenka, na faifai ne ko mai kama rim. Mai kama rim ɗin a kan kabon ba ya kamawa da kyau idan ana ruwa, kuma yana buƙatar robar birki ta musamman. Ka duba mazaunin giyar baya, don na kamfanin Shimano daban, na XDR na kamfanin SRAM daban. Tif ɗin da za ka riƙe na ko-ta-kwana kuwa, bawul ɗinsa ya fi zurfin rim tsawo, in ba haka ba famfo ba zai kama shi ba. Sannan ka fita da sababbin ƙafafun ranar da ake iska sosai, sau da yawa, kafin ranar gasa.