Hattara da Masu Cewa Za Su Haɗa Miki Kaya da Sunanki

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ƙananan sana'o'i, musamman mu mata masu sayar da man shafawa, sabulu, humra, yaji da garin kunu. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, kunya ce ta hana ni faɗa, don ba wanda yake so a san an yi masa wayo. Amma shekaranjiya na sake cin karo da tallar mutanen nan a Instagram. Sun canja suna, sun canja lambar waya, bidiyon kuwa shi ne dai wanda ya ja ni bara. Sai na ga idan na yi shiru wata ta faɗa, ina da kamasho a zunubin.

Ita harkar kanta halal ce, kuma ana yin ta. Masana'anta ce za ta haɗa kaya, ta zuba a mazubi, ta manna sunanki da tambarinki, ke kuma ki sayar a matsayin naki. Kaya da yawa da muke gani a kasuwar Singa da ta Sabon Gari haka ake yin su, mai sunan daban, mai injin daban. A cikin wannan halal ɗin ne 'yan damfara suka sami mafaka.

Shekara huɗu ina haɗa man shafawa a gida da man kaɗanya da man kwakwa. Ciniki ya buɗe har hannuna ya kasa, kuma duk babban kantin da na kai wa kaya tambaya ɗaya ce: ina lambar NAFDAC? Ana cikin haka na ga tallar. Injina fes, ma'aikata da farar riga da hular leda, robobi suna tafiya a jere. Na tura saƙo, ko minti biyar ba a yi ba wata ta kira ni ta WhatsApp. Bakinta kamar zuma. "Hajiyata, ai kin zo gida. Ke dai ki kawo suna, komai namu ne, har lambar NAFDAC muna da ita."

Sun aiko min da samfur roba uku ta mota, na je tasha na karɓa. Wallahi man ya yi kyau, laushi da ƙamshi, yana shiga fata ba maiƙo. Yanzu da na zauna na yi tunani, ban da wata hujjar cewa su suka haɗa shi. Kowa zai iya shiga kanti ya sayi mai mai tsada ya juye a farar roba.

Matar da ta kira ni ta ce ƙa'idarsu ba sa yin ƙasa da roba 1,000, amma saboda garaɓasar da suke yi za su yi min 500 a kan naira miliyan 1 da dubu 200, in ba da kashi 70 cikin 100 kafin alƙalami. Ta ƙara da cewa saura gurbi biyu a rufe. Da ta turo lambar asusu sai na ga sunan mutum ne, ba na kamfani ba. Na tambaya, ta ce akantansu ne, asusun kamfanin yana da 'yar matsala a banki. Zuciyata ta ɗan yi ɗar, amma na danne ta. Ɗaukar adashena ce ta zo a satin, na tura dubu 840. Maigidana ya ce in bari ƙaninsa da ke Legas ya je ya ga wurin tukuna, na ce masa gurbi zai wuce ni. Har yau bai taɓa yi min gori ba, shirun nasa ma ya fi gorin ciwo.

Daga nan aka fara tatsa. Kuɗin farantin buga sitika. Kuɗin "saka sunana a takardar NAFDAC". Sati uku ya koma wata uku, yau injin ya lalace, gobe kayan haɗi sun maƙale a tashar jirgin ruwa. Duk lokacin da na ɗaga murya sai ta ce, "Haba Hajiyata, da mu macuta ne ai da tuni mun kashe waya." Ƙarshe ta turo hoton katan-katan ɗaure, ta ce sai na cika ragowar kuɗi za a ɗora a mota. Na cika.

Kayan sun iso. Katan na sama ba laifi, har na sayar da kusan roba 40 a cikin kwana biyu. Da na buɗe na ƙasa sai na ga ruwa ya kwanta a saman man, ƙasan kuma ya dunƙule kamar kindirmon da ya kwana a rana. Warinsa kamar na tsohon man gyada. Sitika a karkace, ba ranar haɗawa, ba ranar lalacewa, ba lambar rukuni, adireshi kuwa sunan gari kawai aka rubuta. Kwana huɗu bayan nan wata tsohuwar kwastomata ta turo min hoton wuyan 'yarta, ƙuraje sun feso. Ni ta kira, don sunana ne da lambar wayata a jikin robar. Ita ba ta san da wata masana'anta ba, kuma ba ruwanta.

Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe. A sauran damfara kuɗi ake rasawa. A wannan kuwa, da kuɗinki za a buga sunanki a jikin abin da ba ki san me aka zuba a ciki ba. Masu man ƙarin haske su fi kowa kula: NAFDAC ta haramta sinadarin makuri a kayan shafawa, ta kuma iyakance sinadarin washe fata na hydroquinone kada ya wuce kashi 2 cikin 100, sannan akwai masu zuba maganin kumburi mai ƙarfi don fata ta yi saurin washewa. Ranar da aka ɗauki robar aka kai ɗakin gwaji, ƙofar shagonki za a fara ƙwanƙwasawa.

Lambar da suka buga min kuwa, da ɗan yayata ya bincika, ta wani kaya ce dabam na wani kamfani dabam. A nan na koyi abin da ya kamata in sani tun farko. Lambar NAFDAC ba gyale ba ce da za a ara a je biki. Kaya ɗaya ake ba wa, mai suna ɗaya, wanda ake haɗawa a wurin da jami'ai suka je suka duba, bayan an gwada shi, kuma takardar shekara 5 take yi a sabunta. Idan wani ne zai haɗa miki, sai an nuna rubutacciyar yarjejeniya tsakaninki da masana'antar. Duk wanda ya ce zai "ɗora ki a kan lambarsa" cikin sati ɗaya, ki tattara zaninki.

Akwai wani tarkon da ni ban faɗa ba amma ƙawata mai yaji ta faɗa. Da yawanmu muna zaton da mun yi rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, shi ke nan suna ya zama namu. Rajistar sunan kasuwanci daban, rajistar tambarin kaya daban. Ta biyun a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya ake yin ta, tana shekara 7 da farko, bayan nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Mai haɗa mata yajin ya ce zai taimaka ya yi mata, ashe da sunansa ya yi. Da suka saɓa a kan farashi ta ce za ta koma wani wuri, sai ya fito da takarda. Ki yi wannan rajistar da kanki ko ta hannun lauyanki, ki karanta sunan da ke kan takardar da idonki.

Masu cewa suna da masana'anta a Guangzhou ta ƙasar Sin ma salon ɗaya ne. Idan a shafin sayayya na Alibaba kika same su, kariyar da shafin yake bayarwa tana aiki ne in kin biya ta cikinsa. Da zarar sun ja ki gefe sun ce ki tura wa wani dillali a asusunsa don a rage miki, kin fita daga inuwa. Kuma kayan shafawa ko abinci da aka shigo da su daga waje ma sai sun yi rajistar NAFDAC.

Yanzu da wata masana'anta nake aiki a nan Kano, kuma sai da na taka ƙafata na shiga. Unguwannin masana'antu irin su Sharaɗa, Bompai da Challawa duk kuɗin adaidaita ne. Idan a Legas ko Aba ne, ki tura ɗan uwa, ya je ba tare da ya sa musu rana ba. Na duba sunan masana'antar da nake aiki da ita a shafin binciken CAC, na tabbatar asusun da zan tura kuɗi sunan kamfanin ne. Mun rubuta komai da shaidu, ai ko addini ya ce a rubuta: abin da za a zuba, nauyin kowace roba, ranar kawowa, da wanda zai ɗauki asara in kaya suka ɓaci. Samfurin da muka amince da shi an liƙe roba biyu, mun sa hannu a kai, ɗaya a wurina ɗaya a wurinsu. Na fara da kaɗan, kuma ba na cika kuɗi sai na zaro roba daga katan ɗin da na ga dama, na ƙasa ba na sama ba.

Wadda ta riga ta tura kuɗi kuma, kada ta tsaya jiran alkawari kamar yadda na yi. Ta ɗauki hoton duk hirarsu da rasit, ta je bankinta a ranar, ta kai rahoto wurin 'yan sanda, EFCC da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ma suna karɓar ƙorafi. Ni sai bayan wata uku na je, lokacin an kwashe asusun tas, layin wayar ma ya daina shiga.

Ban rubuta sunan waɗanda suka damfare ni ba don ba ya kwana biyu ba su canja shi ba. Ki dai lura da tallar da babu adireshin da za a iya zuwa, an rufe wurin sharhi, ana ce miki saura gurbi kaɗan, in kika nemi zuwa ganin wurin a ce "ba ma barin baƙi saboda tsafta". Roba 460 suna nan jibge a ɗakin ajiyata, ba na iya sayarwa, ba na iya kyautarwa. Da daddare ni da yarana muke zama muna ɓare sitikar ɗaya bayan ɗaya kafin a kai bola, kada wani ya tsinta ya kai kasuwa da sunana.