Shagon gyaran keke a Sakkwato da tafiyar bakin teku zuwa Akara

Kafin in hau keke daga Legas zuwa Akara ta bakin teku, tafiyar da ta haura kilomita 400, wadda ke ratsa Badagiri da Kwatano da Lome, na kai keken nawa wani ƙaramin shago da ke kusa da Tsohuwar Kasuwar Sakkwato. Dattijon da ke da shagon bai taɓa ganin teku ba, amma da na ambaci iska mai gishiri, nan take ya ce: "Ɗana, ƙurar hunturu muka sani a nan, can kuwa tsatsa ce abokiyar gabarka."

Ya kwance ƙafafun biyu, ya wanke tsohon giris da kananzir ya cusa sabo, sannan ya ɗaure wayoyin ƙafar baya ɗaya bayan ɗaya, yana kaɗa kowace da farce yana sauraron ƙararta, domin a baya ne nauyin jakunkuna ke sauka. Wannan ƙafa ba ta karkace ba har na tsallaka iyakar Aflao, tsakanin Togo da Ghana, duk da ramuka da yashin gefen hanya.

Inda ya gaza shi ne birki. Robar da ya saka tana kamawa sarai a busasshiyar hanyar Bodinga inda na gwada ta, amma ruwan sama na farko bayan Seme, iyakar Najeriya da Benin, ya mayar da ita kamar sabulu, dole na sauya ta a Kwatano. Haka kuma alkawarin da ya yi na gama aikin cikin kwana biyu ya koma huɗu, ko da yake kuɗin aikinsa bai taka kara ya karya ba.