Ningen no Joken: fim ɗin awa tara da rabi da ake ci da haƙuri

Masu tura fina-finai a waya a Katsina sun fi sabawa da na Indiya da na Koriya, amma mai haƙuri ya nemi fim ɗin Japan mai suna Ningen no Joken, wanda Turawa ke kira The Human Condition. Masaki Kobayashi ne ya ba da umarni, ya fito kashi uku tsakanin 1959 da 1961, baƙi da fari, daga littafin Junpei Gomikawa.

Tatsuya Nakadai ne ya fito a matsayin Kaji, saurayin da ya karɓi aikin kula da leburori a wata mahaƙar ma'adinai a Manchuriya, yankin China da Japan ta mamaye, don ya tsira daga shiga soja a Yaƙin Duniya na Biyu, da niyyar kyautata wa 'yan China da aka tilasta wa aiki. Kashi na farko ya fi ƙarfi. Kaji ba azzalumi ba ne, amma tuwonsa daga tukunyar zalunci ake kwaso shi, fursunonin ma ba su yarda da shi ba, kuma suna da gaskiya. Ranar da aka fara fille kawunansu da takobi, sai da aka sare wasu kafin bakinsa ya buɗe. Kobayashi ya san abin da yake nunawa, don shi ma ya yi soja a Manchuriya, ya ƙi yarda a ƙara masa girma. Kashi na biyu, na bariki, yana da maimaici: mari yau, mari gobe. A daure, tankokin Rasha na 1945 suna tafe.

Kowane kashi rabe yake gida biyu, saboda haka a yi masa dare shida bayan isha'i. A talabijin za a kalla, don hoton mai faɗi ne, a waya rubutun fassara kamar tururuwa yake. Kafin a bar shagon mai turawa, a buɗe kowane fayil a gwada: wani kwafin fayil uku ne, wani shida, idan aka haɗa fassarar wannan da hoton wancan sai rubutu ya yi gaba magana ta yi baya. A kuma tabbata fassarar ta haɗa da maganganun 'yan China, ba na Japanawa kaɗai ba.

Ba na kallo da yara ba ne. Kashi na ƙarshe, na ƙanƙara da yunwa, a bar shi sai hunturu.