Madubin likita mai lanƙwasa kai: wuya ya huta, gaɓar ce ta ba da kunya

Wata bakwai ke nan wannan maikiroskof mai lanƙwasa kai yana aiki a ƙaramin lab ɗinmu da ke cikin birni. Duk wanda ya san gwajin MP, wato neman ƙwayar maleriya a jini, a Agusta da Satumba, lokacin da maleriya ke cika benci da marasa lafiya, ya san wahalar. Kowane silaid mai kaurin jini sai an duba fili, wato da'irar da ido ke gani a lokaci ɗaya, guda 100 aƙalla da lens na 100x kafin a rubuta babu ƙwaro, ga wasu talatin suna jira. Tsofaffin maduban kansu a kafe yake, wasu a digiri 45, wasu a 30, saboda haka mutum ne ke bin na'ura: dogo ya duƙufa, gajere ya yi ta miƙa wuya. Kafin La'asar ƙeya ta sage, kafaɗa ta ɗau zafi.

A nan kam wannan ya burge. Bututun idon yana hawa da sauka daga kusan digiri 5 zuwa 35, tazarar ido kuma daga milimita 48 zuwa 75. Sai dai wanda ya fara da lanƙwasa kan ya yi kuskure. Kujera ake fara gyarawa, tafin ƙafa a ƙasa, hannu kwance a kan kantar aiki. Sannan a jawo bututun har ya tarar da ido, baya a miƙe. Bayan haka a buɗe ko a matse bututun biyu har da'ira biyu su zama ɗaya, a saita hoto da idon dama ta ƙaramin abin murɗawa, a gyara na hagu da zoben da ke jikin gilashin idon. Kantocin yawancin lab na Kano siminti ne da tayil, ba sa motsi, kujerun kuma na katako ne dogaye. A irin wannan wurin kai mai lanƙwasa ne kaɗai abin da ke bin tsayin mutum. Ma'aikata uku masu bambancin tsayi suna karɓa-karɓa a kansa, babu mai tusa littafi a ƙarƙashin na'ura.

To amma gaɓar. Wallahi ita ta ɓata komai.

A wata na huɗu kan ya fara sauka da kansa. Da zarar gira ta ɗan jingina da robar gilashin, sai ya zame digiri biyu ko uku. Da a ce nan ta tsaya da sauƙi, domin akwai ƙusar da ke matse gaɓar, ana ɗaure ta da ƙaramin makullin alan. Matsalar tana ciki. Irin wannan kan yana da madubi mai juyawa wanda dole ya yi rabin juyin bututun: bututu ya sauka digiri 20, madubin ya juya 10. Idan ƙarfen da ke haɗa su ya yi sako-sako, hasken ba ya bin tsakiyar bututun. Abin da ido ke gani shi ne duhu mai siffar jinjirin wata a gefen fili, hoton kuma ya yi tsalle duk lokacin da aka taɓa kan. Da gilashin ido mai lambar faɗin fili 20 da lens na 100x, faɗin filin milimita 0.2 ne kacal. Kana tsaka da ƙirga ƙwayoyin maleriya kan fararen ƙwayoyin jini 200, hoto ya gusa, ba ka san wanda ka ƙirga da wanda ba ka ƙirga ba. Sai a koma farko. A gwajin kaki na tarin fuka abin ya fi ciwo, tun da ƙwayar cuta ɗaya mai kama da jan sanda ake farauta, tana iya faɗawa cikin duhun gefen.

Mai shagon da ya kawo shi, can wajen Sabon Gari, ya ce wai hannun yaranmu ne ya yi nauyi. Haba Alhaji! Abin da aka ƙera don a riƙa lanƙwasawa kullum? Mai gyaransa ya zo ya ɗaure ƙusar waje, saukar ta daina, duhun yana nan daram, domin ba daga nan yake ba. Kan kuma ba abin da ake buɗewa a kan kantar lab ba ne, daidaita madubin ciki yana buƙatar kayan awo na musamman.

Ana cikin haka hunturu ya shigo. Gaɓar tana da 'yar kafa da babu roba a bakinta, ƙurar Kano kuwa ba ta neman izini. Hoton ya yi dishi-dishi, launin Giemsa, rinin da ake yi wa silaid, ya dusashe. An juya gilashin ido, dishin bai juya ba. An sauya lens daga 40x zuwa 10x, an sauya silaid, an goge kwandensa, gilashin da ke tara haske a ƙarƙashin silaid, yana nan. Ke nan ƙurar tana kan madubin ciki, inda takardar goge lens ba ta kaiwa. Dama ƙarin madubin yana cin haske, fitilar LED mai wat 3 sai an kai ta ƙarshe idan an ɗiga man da lens na 100x ke aiki da shi, balle ga ƙura.

Da farko na so in ce ya ci kuɗinsa ko don lafiyar wuya. Yanzu kam da wuya in faɗi haka, ganin kuɗinsa ya kusa ninka na mai kafaffen kai. Mun tsayar da shi a wajen digiri 25, inda duhun ya fi raguwa, mun ɗaure tam, mun naɗe gaɓar da salatif, wato ya koma mai kafaffen kan da aka gudo.

Wanda zai saya ya tafi shagon da rinannen silaid ɗinsa da mansa. Ya sa 100x, ya ajiye ƙwayar jini ɗaya a tsakiyar fili, ya lanƙwasa kan daga sama har ƙasa a hankali sau goma. Ƙwayar ta tsaya kusa da inda take, gefen fili ya kasance tas a kowane digiri. Ya danna bututun da yatsa biyu ya ga ko zai zame, ya leƙa ko gaɓar tana da roba, kuma a rubuta masa a rasit cewa garanti ya haɗa da kan.