Maganin gizakar itacen fain: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk wanda ke aikin lambu ko kula da daji a kudancin Faransa ya san fararen sheƙun nan masu kama da dunƙulen auduga da ke maƙale a rassan itacen fain da hunturu, galibi ta inda rana ke bugawa. Tsutsar da Faransawa ke kira chenille processionnaire ce a ciki, 'yar wani malam-buɗe-littafin dare. Ni gizaka nake ce mata, don ƙaiƙayinsu iri ɗaya ne, sai dai gashin wannan kan kumbura ido, ya ruɓar da harshen kare. Da dare take fitowa cin ganye har itace ya koma kamar an babbake shi. Wajen Fabrairu zuwa Afrilu kuma su sauko a jere, kan wannan a wutsiyar waccan, su shige ƙasa. Tun Afrilun 2022 dokar Faransa ta sa ta cikin halittu masu cutar da lafiyar mutane.

'Yan'uwa da suka shigo wannan aiki suna yawan tambayata abin da za su saya. Amsata ba ta sauyawa: feshin Btk.

Btk ƙwayar bakteriya ce, cikakken sunanta Bacillus thuringiensis kurstaki. Taɓa jikin tsutsa ba ya yi mata komai, sai ta ci ganyen da aka fesa, hanjinta ya lalace, ta daina ci, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Ƙudan zuma da tsuntsaye ba ruwansu da shi, ko da yake yana kashe tsutsar sauran malam-buɗe-littafi, shi ya sa ba na fesa shi barkatai. Abin da ya sa na riƙe shi hannu bibbiyu, a cikin kayan nan shi ne ke ceton ganyen bana. Amma yana da sharaɗi. Tsakanin Satumba da Nuwamba ake fesawa, tun tsutsar tana ƙarama, kafin ta saƙa babbar sheƙa. A yi da yamma, ranar da ba hadari, domin ruwa na wanke shi, hasken rana kuma na kashe ƙarfinsa cikin kwanaki. Sau da yawa sai an maimaita. Tarayyar Turai ta hana feshi da jirgin sama tun dokar 2009 sai da izini na musamman, don haka dogayen itatuwa sai injin feshin da ake ɗorawa a bayan mota.

Abokin tafiyarsa tarkon feromon ne, mai ɗauke da ƙamshin macen malam-buɗe-littafin da ke janyo mazan. A rataye shi daga Yuni zuwa Satumba, a riƙa ƙirga abin da ya faɗa duk mako. Makon da suka fi yawa, ka lissafa kwana 30 zuwa 45, lokacin ƙyanƙyasa ke nan, ka shirya feshi. Ma'auni ne, kada wani ya sayar maka da shi a matsayin magani.

Tarkon ɗamara da ake ɗaura wa gindin itace, irin su Écopiège, yana tare tsutsotsin in za su sauko; ya dace da tsakar gida ko filin makaranta, amma kafin nan an gama cinye ganyen. Yanke sheƙa da doguwar sanda a ƙona, sai mai itace biyu ko uku. Akwatin sheƙa mai ƙofa milimita 32 don mésange, ƙaramin tsuntsu mai cin gizaka, na taimakawa, a hankali. Gubar sinadari kuwa, tun Janairun 2019 an hana sayar wa mutanen gida.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Wata shekara na ga Btk a intanet rabin farashi, na saya ba tunani. Na fesa a kan kari, na saki jiki. Da Fabrairu ta zo, sai ga jerin gizaka ya ratsa bayan gidanmu. Ƙaramin ɗana ya tsuguna yana kallo, ko taɓawa bai yi ba, iska ce ta kwaso gashin. Daren nan wuyansa da hannayensa suka yi ruɗu-ruɗu, muka kwana yana kuka. Da na koma kan robar, ba ranar da aka yi shi, ba lambar AMM, wato lambar izinin sayarwa da kowane maganin tsiro na gaskiya ke ɗauke da ita a Faransa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Don haka ka duba lambar nan kafin ka duba farashi. Btk abu ne da zafi ke lalatawa; robar da ta yi bazara a tagar shago ko bayan mota, bar ta. Wanda aka juye a wata kwalba ba takarda, bar shi. Ka duba sunan kurstaki da idonka, domin akwai ɗan'uwansa israelensis, na tsutsar sauro ne, ba abin da zai yi wa gizaka. Haka ƙamshin tarko: ya zo a rufe ruf, a ajiye shi a firji, kada a taɓa shi da hannu tsirara. Wasu kan miƙo maka na gizakar itacen oak, alhali kowace da nata ƙamshin. Ka nemi wanda aka rubuta Thaumetopoea pityocampa, sunan gizakar fain a kimiyyance, a jikinsa. Tarko marar kyau ya fi ba ni tsoro, don in bai kama komai ba sai ka ɗauka dajinka lafiya lau, ka bar Oktoba ta wuce ba feshi.