C da Python: Me Ya Sa Ɗaya Ya Fi Ɗaya Gudu?

Ɗan'uwa, ka ce ka rubuta shirin tara lambobi daga 1 zuwa miliyan 100 da C, ka sake rubuta shi da Python a kwamfuta guda. C ya gama kafin ƙiftawar ido, Python kuwa sai da ya sa ka zaman jira. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Bambancin yana wajen lokacin da ake juya abin da ka rubuta zuwa yaren inji.

C, yaren rubuta shirin kwamfuta wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a 1972, tun kafin a kunna shirin ake gama wannan aiki. Wata manhaja mai suna kamfaila ce ke karanta rubutunka baki ɗaya, ta mayar da shi umarnin da inji ke ganewa kai tsaye. Kai ma ka riga ka faɗa mata cewa x lamba ce, don haka x + 1 umarni ɗaya ne tak.

Python, da Guido van Rossum ya fitar a 1991, sai shirin na gudana yake yin nasa. Kamar ciniki ne a kasuwar Kara da tafinta a tsakani: kowace magana sai ta bi ta bakinsa. Idan ya iso kan x + 1, sai ya tsaya ya duba ko x lamba ce ko rubutu, ya nemo irin tarawar da ta dace, ya tanadi wuri a ma'adana don sakamakon, ya kuma riƙe lissafin sassan shirin da ke amfani da shi domin ya san sa'ad da zai share shi. Sau miliyan 100 yake maimaita wannan. Ga nauyi kuma: lambar da C ke ajiyewa a bayit 4 (bayit ma'aunin wuri ne a ma'adana), Python na ci mata wajen 28.

Yarukan Java da JavaScript suna tsakiya. Sukan fara da tafinta, amma duk layin da suka ga ana yawan maimaitawa sai su juya shi yaren inji nan take.

Ni dai ban ga dalilin da za ka bar Python saboda wannan ba, musamman ga aikin kammala karatu irin na ɗaliban Jami'ar Danfodiyo. Lissafi mai nauyi ka miƙa wa NumPy, manhajar lissafi da ake amfani da ita a cikin Python, wadda cikinta da C aka gina ta. In kuwa shirinka bayanai yake jira daga intanet, ko da C ka rubuta shi jiran nan ba zai ragu ba.