Wane ne Bayahude: mudun malamai, mudun Rifom da mudun dokar Isra'ila

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya kawo tambaya. Ya ji cewa ba a zama Bayahude sai ta wajen uwa, sai kuma ya ji Isra'ila tana ba mutum zama ɗan ƙasa don kawai kakansa na wajen uba Bayahude ne, ga kuma masu cewa su Yahudawa ne alhali ko Allah ba su yarda da shi ba. To Yahudanci addini ne, ƙabila ce, ko kuwa ƙasa?

Ɗan'uwa, duk ukun da ka ji haka suke. Abin da ya ɗaure maka kai shi ne ba da mudu ɗaya ake awon ba. Akwai manyan mudu uku, kowanne da masu riƙe da shi, kuma mutum ɗaya zai iya cika a wannan ya kasa a wancan.

Mafi tsufa shi ne na shari'ar addininsu, wadda suke kira halakha (sunan ya yi kama da kalmar halaka ta Hausa, amma ba su da dangantaka, asalinsa daga "tafiya" ne, wato hanyar da ake bi). Shi ne mudun 'yan Otodoks, masu riƙo da tsohuwar shari'a. A nan ƙofa biyu ce kacal. Ko dai Bayahudiya ta haife ka, ko ka shiga addinin a gaban kotun malamai. Jinin uba ba ya shigar da kowa. Wannan ne ke ba Bahaushe mamaki, domin a wajenmu ɗa na uba ne. Amma uba bai tashi a banza ba: matsayin Kohen, wato zuriyar limamai daga Annabi Haruna, ta wajen uba ake gadonsa. Uwa ce ke shigar da kai gidan, uba ne ke nuna ɗakin da za ka zauna.

Shiga addinin kuwa ba ta furta kalma ba ce a zama ɗaya. Yahudawa ba sa fita wa'azin neman mabiya, har ma al'ada ce malami ya mayar da mai nema baya har sau uku don a ga ko da gaske yake. In ya dage, sai karatu na shekara guda ko fiye, yana zaune cikin jama'arsu, yana kiyaye Asabar da dokokin abinci. Daga nan ya tsaya gaban malamai uku su yi masa tambayoyi, ya karɓi dokokin a bakinsa. Namiji sai an yi masa kaciya, wanda ya riga ya yi kuma a fitar masa da jini ɗigo ɗaya daga wurin. Na ƙarshe shi ne nitso a mikveh, wani kwarmi da aka tara masa ruwan sama ko na maɓuɓɓuga. Dole ruwa ya taɓa ko'ina, don haka ake cire zobe da 'yan kunne, a goge jan farce, a tsefe gashi, kuma ko silin gashi ɗaya ya tsaya a saman ruwa sai an sake. Inda matsala ke fitowa shi ne wace kotu ce ta yi aikin. In malaman ba sa cikin waɗanda aka amince da su, duk wahalar ta tafi. A 2008 babbar kotun malamai ta Isra'ila ta jefa shakka kan dubban mutanen da suka shiga addinin ta hannun kotunan Malam Haim Druckman, bayan wasunsu sun yi shekaru da aure da 'ya'ya.

Wannan mudu ba shi da ƙofar fita. Wanda Bayahudiya ta haifa, ko ya daina ibada, ko ya ce babu Allah, ko ya koma wani addini, a wajensu Bayahude ne mai saɓo. Ka ga amsar tambayarka ta uku ta fara fitowa.

Mudu na biyu na 'yan Rifom ne, ɓangaren da ya samo asali a Jamus a ƙarni na 19 kuma ya fi kowanne yawa a Amurka. A 1983 majalisar malamansu ta Amurka ta yanke cewa yaro Bayahude ne in ɗaya daga cikin iyayensa Bayahude ne, uwa ko uba, da sharaɗin an rene shi a Yahudanci a fili: suna, karatun addini, bikin balaga. Mutane kan ɗauka sassauci ne tsantsa, amma duba da kyau. Yaron da uwarsa Bayahudiya ce aka rene shi a coci, Otodoks za su ƙirga shi, Rifom na iya ƙin ƙirga shi. Yaron da ubansa ne kaɗai Bayahude ya tashi a majami'ar Yahudawa tun yana ƙarami, Rifom sun ce nasu ne, Otodoks sun ce sai ya shiga addinin kamar kowane baƙo. Ɗaya na kallon haihuwa, ɗaya na kallon reno. Ba duk majami'un Rifom na wajen Amurka ne suka bi wannan hukunci ba. 'Yan Kwansabatib, da ke tsakiya, suna bin ƙa'idar uwa, amma Otodoks ba su karɓar wanda ya shiga addini ta hannunsu.

Dalilin hukuncin na 1983 a fili yake. Binciken da Pew, wata cibiyar bincike ta Amurka, ta yi a 2020 ya nuna Yahudawan Amurka sun kai miliyan 7.5, kuma cikin waɗanda suka yi aure daga 2010 zuwa 2020, kashi 61 cikin 100 sun auri wanda ba Bayahude ba. Al'ummar da ta rufe ƙofa ga 'ya'yan waɗannan gidaje ta rufe wa jikokinta ne.

Mudu na uku ba na malamai ba ne, na gwamnati ne. Dokar Komawa ta 1950 ta ba kowane Bayahude damar ƙaura zuwa Isra'ila ya zama ɗan ƙasa, amma ba ta faɗi wane ne Bayahude ba. Shari'a biyu ne suka tilasta a fayyace. Ta farko ta Oswald Rufeisen ce, Bayahuden Folan da ya tsira daga kisan 'yan Nazi, ya zama Katolika har ya zama fada, wato limamin coci, da sunan Ɗan'uwa Daniyel. A 1962 kotun ƙoli ta hana shi shiga ta wannan doka, duk da a mudun malamai Bayahude ne cikakke. Daga baya ya samu zama ɗan ƙasa ta hanyar da kowane baƙo ke bi, ya zauna a Haifa. Ta biyu ta Binyamin Shalit ce, hafsan sojan ruwa da matarsa ba Bayahudiya ba ce. A 1970 alƙalai biyar cikin tara suka yarda a rubuta 'ya'yansa Yahudawa a rajista. Jam'iyyun addini suka tayar da ƙura, sai majalisa ta gyara dokar a shekarar.

Gyaran ya yi abu biyu da suke jan juna. Ya ce Bayahude shi ne wanda Bayahudiya ta haifa ko ya shiga addinin, kuma ba ya bin wani addini. Sannan ya buɗe ƙofar ƙaura ga ɗan Bayahude, da jikansa, da matansu ko mazajensu. Wato jikan da ka ji labarinsa, dokar ba ta ce shi Bayahude ba ne. Cewa ta yi yana da haƙƙin shiga. Sau da yawa ana danganta wannan faɗaɗa ƙofa har zuwa jika da dokokin Nuremberg na 1935, inda 'yan Nazi ke ƙirga kakanni kafin su ware mutum.

A nan ne abin ke zafi. Tun dokar 1953, auren Yahudawa da sakinsu a Isra'ila yana hannun kotunan malaman Otodoks, kuma babu auren kotu irin na gwamnati. Bayan 1989 mutane kusan miliyan ɗaya suka kwararo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ɗaruruwan dubbai cikinsu sun cika a mudun gwamnati sun kasa a na malamai. Ka ɗauki saurayin da ubansa ne Bayahude. A Rasha an zagi gidansu saboda sunansu. Ya zo Isra'ila, ya iya Ibrananci, ya yi aikin soja, ya biya haraji. Ranar da ya je ofishin malamai neman aure sai a ce ya kawo takardar auren uwarsa ko kakarsa ta wajen uwa, ko tsohuwar takardar haihuwa, ko hoton dutsen kabarin kakar. Ba shi da su, domin ta wajen uwa ba Yahudawa ba ne. A rajista an rubuta masa "ba shi da addini". Abin da irinsa ke yi shi ne su hau jirgi zuwa tsibirin Kubrus, a ɗaura a ofishin gari, su dawo ma'aikatar cikin gida ta yi rajistar auren. Wannan matsala kan bi mutum har maƙabarta, domin ana ware wa irinsu ɓangare dabam. A ganinmu nan ne tsarin ya fi rashin adalci: ƙasa ta karɓi jininsa a fagen fama, ta kasa ɗaura masa aure.

Hukuncin kotun ƙoli na Maris 2021 ya rage tazarar kaɗan, ya ce wanda ya shiga addini ta hannun Rifom ko Kwansabatib a cikin Isra'ila zai ci gajiyar Dokar Komawa. Aure dai yana nan inda yake.

Ban da waɗannan ukun akwai abin da mutum ke ji a ransa, wanda ba kotun da ke auna shi. A binciken Pew na 2020, kashi 27 na manyan Yahudawan Amurka sun ce ba su da addini amma Yahudawa ne ta asali da al'ada. A Isra'ila, binciken cibiyar na 2016 ya samu kashi 49 na Yahudawa suna kiran kansu hiloni, marasa ruwa da ibada, masu tsananin riƙo da ake kira Haredi kuma kashi 9. Mutum ba ya zuwa majami'a, amma daren Idin Ƙetarewa yana kan tebur da danginsa ana karanta labarin fita daga Masar. Misali mafi kusa a wajenmu shi ne Bamaguje: Bahaushe ne ta harshe da asali ko da ba Musulmi ba ne. Bambancin shi ne su Yahudawa kalma ɗaya ce ke ɗauke da addinin da asalin duka. Asalin ma ba launi ɗaya ba ne, akwai Ashkenazi na Turai, da Safardi da aka kora daga Sifaniya a 1492, da Mizrahi na Iraƙi, Yaman da Iran.

Kada kuma a haɗa Bayahude da ɗan Isra'ila ko ɗan Sahayoniya. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Isra'ila Larabawa ne, kusan rabin Yahudawan duniya ba a can suke zaune ba, kuma akwai masu tsananin addini irin 'yan Satmar da ke ƙin kafa ƙasar bisa hujjar addini.

Afirka ta gwada waɗannan mudu sosai. Yahudawan Habasha, Beta Isra'ila, sun jira har 1973 kafin babban malami Ovadia Yosef ya ce Yahudawa ne. A 1984 aka kwashe dubbai zuwa Isra'ila ta Sudan, a Mayun 1991 aka ɗauko sama da 14,000 daga Addis Ababa cikin kimanin awa 36. Duk da haka ofishin malamai ya nemi su yi nitso kafin aure don kawar da shakka, abin da ya fitar da su zanga-zanga a 1985. A Najeriya akwai 'yan ƙabilar Ibo da ke bin Yahudanci, da majami'unsu a Abuja da kudu maso gabas, suna kiyaye Asabar suna addu'a da Ibrananci. Ofishin malaman Isra'ila bai amince da su a matsayin al'ummar Yahudawa ta asali ba, gwamnati ma ba ta sa su cikin Dokar Komawa ba. Wanda ke son amincewa a cikinsu sai ya bi ta kotun malamai shi kaɗai, kamar yadda aka bayyana a sama.